Ƙanina yana Amurka, Turanci ya tokare shi: makaranta zai fara ko sana'a?

Ɗan Ƙofar Soro:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar waɗanda suka san kan abin nake nema.

Ƙanina ne, shekararsa 24, wata takwas ke nan da ya sauka Greensboro a jihar Karolina ta Arewa shi da iyalinsa, da katin zama na dindindin. Yana da difloma ta ND a fannin lantarki, ya kuma yi shekara uku yana wayarin a sababbin gidaje nan Katsina. Yanzu aikin dare yake yi a wani katafaren sito, ɗaukar kwali. Turancin takarda yana karantawa, amma in Ba'amurke ya buɗe baki, ya ce kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha. Shi ma in ya yi magana sai sun ce ya maimaita.

Mutanenmu na can sun raba masa hankali. Wasu sun ce ya ajiye komai ya zauna aji sai bakinsa ya buɗe. Wasu sun ce ya ci bashin dala 5,000 ya shiga makarantar tuƙin tirela. Shi ransa na kan lantarki. Matarsa sakandare ta gama, ita ma tana son abin yi. Ta ina za su fara? Akwai kuma abin da mu na gida za mu iya yi masa daga nan?

Malam Na-Kusugu:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar farko da ta biyu duk akwai gyara. Wanda ya ce zai jira Turanci ya cika kafin ya taɓa sana'a, kuɗin haya za su kore shi daga ajin kafin wata uku. Wanda ya bar Turanci ya rungumi kwali kuwa, shekara biyar za ta same shi a inda yake, don a sito ba a magana, hannu ake nunawa. Haɗa su ake yi, kuma gwamnatin Amurka da kanta ta gina tsarinta a kan haɗawar.

Akwai dokar horar da ma'aikata ta 2014 da ake kira WIOA. Ƙofa biyu ta buɗe wa irin ƙaninka, kuma ofisoshinsu daban-daban ne, shi ya sa mutane ke sanin ɗaya su rasa ɗaya.

Ta farko ajin Turancin manya, kyauta. A Greensboro kwalejin al'umma ta GTCC na bayar da shi. Ba ya buƙatar digiri ko wani sakamako. Zai je ya yi rajista, a yi masa gwajin tantance mataki, galibi da jarabawar CASAS ko BEST Plus, a sa shi a ɗaya daga cikin matakai shida. Gargaɗi a nan: masu karatun boko daga Najeriya sukan ci ɓangaren karatu da maki mai yawa, sai a jefa su ajin sama inda ake ta rubutun insha'i, alhali ciwonsu a kunne yake da harshe. Ya buɗe baki ya ce ajin saurare da magana yake so. Ya kuma zaɓi lokacin da jikinsa zai ɗauka. Mai tashi aiki da asuba in ya ɗauki ajin ƙarfe takwas na safe barci zai je yi. Gara na yamma kafin ya shiga aiki. Ba a sake gwada mutum a ɗaga shi sai ya tara awoyin zama a aji, mafi ƙaranci wajen 40, don haka fashi shi ke tsayar da mutane, ba ƙwaƙwalwa ba.

A wannan ofishin ya tambayi shirin da ake kira IET da bakinsa, don ba kullum ake tallata shi ba. Ma'anarsa a koya maka sana'a da Turancin sana'ar a lokaci guda. Jihar Washintan ce ta yi suna da salon a ƙarƙashin I-BEST, inda malamai biyu ke tsayawa a aji ɗaya, na sana'a yana koyarwa, na harshe yana warware kalmomin. Sana'o'in da ke cikin shirin suna canzawa daga zango zuwa zango, sai ya ga jerin na bana.

Ƙofa ta biyu ofishin neman aiki na gwamnati. A jiharsu sunansa NCWorks. Nan ake biya wa mutum kuɗin koyon sana'a. Ya tafi da katin zamansa, da lambar Social Security (lambar da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji), da shaidar adireshi, da takardun albashinsa na baya-bayan nan. Abu uku ke kayar da mutanenmu a wurin. Na ɗaya, namiji mai shekara 18 zuwa 25 dole ne sunansa ya shiga rajistar Selective Service, ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Ba ɗaukar soja ba ne, rajista ce kawai ta samarin da za a iya kira in buƙata ta taso, amma in ya cika 26 babu sunansa ƙofar ta rufe, kuma za ta dame shi wajen wannan tallafin har da neman zama ɗan ƙasa. Ya shiga shafinsu na intanet ya duba yau, kada ya ɗauka an yi masa. Na biyu, kada ya biya wata makaranta ko sisi kafin ofishin ya sa hannu. Sai makarantar da ke cikin jerin da jiha ta amince da shi suke biya wa, kuma ba sa mayar wa wanda ya riga ya zuba kuɗinsa. Na uku, kada kunya ta sa ya ce Turancinsa lafiya lau. Dokar ta ba mai ƙaramin ƙarfi da mai raunin harshe fifiko a layi. Abin da yake ɓoyewa shi ne tikitinsa.

Batun sai ya maimaita magana, yawanci sauti kaɗan ne ke jawo shi. Bahaushe yana haɗe p da f, sai pull da full su fito iri ɗaya, haka pan da fan. Ya riƙe falle ɗaya na takarda gaban bakinsa: in ya faɗi p daidai, leɓɓa su rufe su fashe, takardar za ta motsa. Wajen f kuwa haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. V ma haka, da murya. Sai fifteen da fifty, wanda a wurin aiki kan jawo asara. A na farko ƙarfin murya a ƙarshe yake, a na biyu a farko. In yana shakka ya ce one five ko five zero, su ma haka suke yi. Minti goma sha biyar kullum yana naɗar muryarsa a waya yana saurare ya fi awa uku ranar Lahadi. Shafin USA Learns kyauta ne, ɗakunan karatu na gari ma suna da zaman hira na masu koyo.

Injiniya Gobarau:

Malam Na-Kusugu ya share hanya. Ni kan lantarkin zan tsaya, don a ganina yaron ya fi masu ba shi shawara gaskiya. Shekara ukun da ya yi yana fasa bango da jan waya jari ne, kada ya zubar.

Amma ya shiga da sanin cewa hannunsa ne ya iya, idonsa sai an sake masa tarbiyya. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, ja ke ɗauke da wuta, baƙi shi ne niyutiral. A Amurka baƙin ne mai wuta, fari ne niyutiral, kore ko tsirarar tagulla ita ce ta ƙasa. Wanda ya saba damƙar baƙar waya hankali kwance, can ita za ta jefar da shi daga kan tsani. Soket ɗin gida bolt 120 ne, ba 230 irin namu ba, sai manyan kaya kamar murhu da na'urar busar da tufafi ke shan 240. Kaurin waya ba da milimita ake faɗa ba. Mu mun san 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket. Su lamba suke kira, kuma juye take: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 14 tana tafiya da bireka mai amfiya 15, lamba 12 da mai 20. Gidajen ma yawanci katako ne da allon jifsam (irin garin POP) mai laushi, huda ake yi ana zura kebul, ba sassaƙar bulo ba.

Abin da ya fi kunyata sabon zuwa a ranar farko tef ɗin awo ne. Inci ɗaya an raba shi gida 16, kuma oga zai ɗaga murya daga can nesa ya ce a yanko masa bututu inci goma sha ɗaya da uku bisa takwas. Ya sayi tef yau, ya riƙa auna ƙofa da tebur yana faɗin awon da ƙarfi da Turanci. Sunayen kayan aiki ma ya sake haddacewa, don Turancinmu na Ingila ne: abin da muke ce wa sifana su wrench suke cewa, earth ɗinmu kuma ground ne. Ya shiga babban kantin kayan gini ranar hutunsa, ya bi layin lantarki yana karanta sunan kowane abu yana ɗaukar hoto. Wannan aji ne da ba a biya.

Matakan kuwa ga su. Ya fara samun katin OSHA 10, horon kiyaye haɗari na awa 10, ana yi ta intanet a wurin waɗanda OSHA, hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata, ta amince da su. Ya yi lasisin tuƙin ƙaramar mota in bai yi ba, don wurin gini yau nan ne gobe can, ɗan kwangila ba ya ɗaukar mai jiran bas. Sannan ya nemi aikin mataimaki a kamfanin wayarin, ko da bambancin albashin da na sito kaɗan ne. Daga ciki ake shiga tsarin koyon sana'a mai rajista, wanda ake biyan mutum yana koyo, albashi na ƙaruwa mataki-mataki. Na lantarki wajen awa 8,000 ne a bakin aiki, shekara huɗu zuwa biyar, da karatun aji kusan awa 144 kowace shekara. A ajin nan ne ake karanta kundin ƙa'idar wayarin na ƙasar, NEC, wanda ake sabuntawa duk shekara uku. Turancinsa irin na lauyoyi ne, kuma nan ajin Malam Na-Kusugu zai biya kuɗin sabulu.

Ya tabbata kamfanin ya rubuta shi a matsayin ma'aikaci, mai karɓar takardar W-2 a ƙarshen shekara. In aka ce za a riƙa ba shi kuɗi a hannu, ko a rubuta shi ɗan kwangila mai 1099, harajin kashi 15.3 cikin ɗari a kansa zai faɗo, in ya ji rauni ba mai ɗaukar nauyinsa, awoyinsa kuma zai sha wuya kafin ya tabbatar da su ranar neman lasisi.

Alhaji Mai Daf:

Injiniya, Allah shi ƙara sani, amma ku daina yi ma tirela kallon sana'ar wanda ya rasa. Shekara huɗu kake faɗi, mai iyali kau wata huɗu ma nisa gare shi. Makarantar tuƙi sati huɗu zuwa takwas ce.

Sai dai gaskiya ɗaya, wanga yaro bai isa shiga ba yanzu, kuma Turancin ne dalili. Doka ta daɗe da cewa direban babbar mota sai ya iya karanta alamun hanya ya kuma amsa tambayar jami'i, amma daga 25 ga Yunin 2025 aka koma tsayar da duk wanda ya kasa, a hana shi ci gaba da tuƙi nan take. Ba tafinta, ba fassarar waya. Jarabawar lasisin tuƙin babbar mota, CDL, kanta, kafin ka motsa motar sai ka zagaye ta kana nuna kowane ƙarfe kana faɗin sunanshi da abin da kake dubawa, da Turanci, har gwajin birkin iska. Nan mutane da yawa ke faɗuwa. Tsarin shi ne gwajin likita, sai jarabawar rubutu ta izinin koyo, sai ka riƙe izinin aƙalla kwana 14, makarantar kuma dole ta kasance cikin rajistar gwamnatin tarayya tun dokar Fabrairun 2022.

Bashin dala 5,000 kau kada shi ci. In ofishin da Malam ya faɗi ya yarda, su za su biya. Kamfanonin da ke cewa za su koya maka kyauta, a karanta takardarsu da kyau: yawanci sai ka yi masu aiki wajen shekara, in ka fita kafin nan kuɗin ya dawo wuyanka. A kuma gaya mashi sabon direba sati biyu ko uku yake yi bai kwana gida ba. Mai amarya a garin da ba ta da kowa ya lissafa wannan.

Hajiya Maman Ummi:

Alhaji ya taɓo inda nake so. Kuna ta lissafin miji, ita ce za ta fi shan wuya in aka bar ta a ɗaki. Mace in ta shekara biyu ba ta fita aji ba, ranar da yaro ya yi zazzaɓi ba ta iya kiran asibiti. A yi mata rajista rana ɗaya da shi, amma kada su nace sai aji ɗaya. In yana kusa, shi zai riƙa amsa mata.

Aikin da aka fi tura matanmu shi ne mataimakiyar jinya, CNA. Mafi ƙarancin horo a dokar tarayya awa 75 ne, 16 daga ciki na aikin hannu, makarantu da yawa kuma suna wuce haka. Jarabawar kashi biyu ce, ta tambayoyi da ta nunawa a gaban mai dubawa. A ta nunawa abu biyar ake zaɓo mata, wanke hannu kullum yana ciki, kuma sai ta cuɗa da sabulu daƙiƙa 20 cur, ta rufe famfo da takardar goge hannu, ba da yatsunta ba. Sauran kuma kowanne da maganarsa: ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta kira sunan majinyaci, ta faɗi nata, ta gaya masa abin da za ta yi, ta ja labule. Masu faɗuwa sun iya aikin sarai, shiru suke yi don kunya, mai dubawa kuma abin da bai ji ba ba ya ba shi maki. Ta saba da fam maimakon kilo, da zafin jiki 98.6 maimakon 37. Sannan su san haƙƙinsu: in gidan kula da tsofaffi ya ɗauke ta kafin horon, doka ta hana ya caje ta kuɗin horon.

Amma a faɗa mata gaskiya tun yanzu, Malam. Aikin akwai wankan tsofaffi da canza musu ƙunzugu, maza da mata. Hijabi ba matsala ba ne, dokar hana wariya ta 1964 ta wajabta wa ma'aikata mai mutum 15 ko fiye ta yi sassauci kan addini in ba zai jawo wa ma'aikatar babbar wahala ba, ƙaninka ma da ita zai nemi lokacin Juma'a. Zaɓen jinsin majinyaci kuwa da wuya a gidan tsofaffi, ya fi sauƙi a aikin bi gida-gida. In ranta bai kwanta ba, ta nemi renon yara. Takardar shaidar renon, CDA, awa 120 ce ta karatu da awa 480 tare da yara, kuma Turancin 'yan shekara uku ya fi na kowane malami saurin buɗe baki.

Ɗan Ƙofar Soro:

Allah ya saka da alheri, na tura masa duka. Ya duba rajistar da Malam ya ce, sunansa na ciki. Saura namu na gida. Na ɗauko takardunsa na ga fasfo ya ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, diflomar kuma an ƙara masa sunan garinmu a ƙarshe. Wannan zai zama matsala?

Malam Na-Kusugu:

Zai zama, kuma gyaransa a hannunka yake. Mu mun san duk mutum ɗaya ne, ma'aikacin da ke duba fayil a can mutum uku yake gani. Hanyar da aka saba ita ce takardar rantsuwa daga babbar kotu mai jera duk rubutun sunayen ta ce na mutum ɗaya ne, a kuma buga sanarwa a jarida ta ƙasa. Tun da shi ba ya nan, ka tambayi magatakardar kotun ko mahaifi ko wa zai iya rantsuwar a madadinsa. In ba haka ba ya yi tasa a can gaban mai hatimin shaida, ana samunsu a bankuna. Sunan da ke kan fasfo da katin zama shi ne uwa, komai ya bi shi harafi da harafi. Ka duba ranar haihuwa ma a kowace takarda, kuma ka tuna masa su wata suke fara rubutawa: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne.

Sai tantance diflomar. Kamfanoni ne ke yi, irin su WES da ECE, ba gwamnati ba. Kada ya yi gaggawar biya. Ya fara tambayar wanda zai karɓi takardar wane kamfani yake yarda da shi, da wane iri yake so. Akwai mai arha da ke cewa wannan takarda daidai take da kaza a Amurka, akwai mai tsada da ke bin darasi-darasi da maki. Aikin mataimaki ba ya buƙatar ko ɗaya. Shiga tsarin koyon sana'a yakan nemi shaidar gama sakandare, wani wurin da shaidar ya yi aljabara. In zai ci gaba a kwaleji a rage masa darussa, nan ne mai tsadar ke da amfani. WES ba ta karɓar tiranskirif daga hannun mai shi, makarantar ce za ta aika kai tsaye da lambar fayil ɗinsa a jiki. Kai za ka je ofishin jarabawa da adana bayanai ka cike, ka biya, ka karɓi rasit, ka riƙa leƙawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka fara tun bai buƙata ba. Ka saya masa katin duba sakamakon WAEC ka ajiye.

Akwai takardar da ba wanda ke tunawa da ita: wasiƙa daga ogan da ya yi wa wayarin. A rubuta da Turanci, da kwanan watan farawa da na gamawa, da irin aikin dalla-dalla, gidaje nawa, ya haɗa allon rarraba wuta ko bai haɗa ba, da lambar waya mai shiga. Wasu masu ɗaukar ɗan koyo suna rage awoyi saboda aikin baya, kuma ko ba su rage ba, tana raba shi da wanda bai taɓa riƙe filaya ba.

Takardar neman aikinsa kuma ya yaga irin tamu. Shafi ɗaya. Ba hoto, ba ranar haihuwa, ba jiha da ƙaramar hukuma, ba addini, ba aure. Kada ya rubuta wa kansa injiniya, kalmar tana da lasisinta a can. Ofishin NCWorks suna gyara ta kyauta, suna kuma yi wa mutum gwajin intabiyu. Ya roƙi a yi masa sau biyu, ɗaya ta waya, don a waya kunne ya fi cin amana.

Injiniya Gobarau:

Ƙari kaɗan kan kwaleji, kada ya shiga ta ƙofar da ba ita ba. Ɓangare biyu ne. Akwai na gajerun kwasa-kwasan sana'a, kuɗin rajistarsu kaɗan ne kuma jiha ce ta ƙayyade. Akwai na difloma da digiri, wanda sai mutum ya cika wata 12 a jihar kafin a caje shi kuɗin ɗan gida, kafin nan ninki wajen uku ne ko fiye. Shi wata takwas gare shi. Ya ɗauki gajeren kwas na wayarin gidaje yanzu, dogon ya jira wata huɗun nan su cika. In lokacin ya yi ya cike fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA, mai katin zama yana da haƙƙin tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Sai dai zango 12 ne kawai a rayuwar mutum, kada ya ƙone shi a kan ajin Turancin da ake bayarwa kyauta a ɗaya ginin.